Hanyar Zama Mai Ba da Shawara Kan Manhajar Hulɗa da Abokan Ciniki

Tambayar da masu sha'awar aikin ba da shawara kan manhajar hulɗa da abokan ciniki suka fi yi mini ita ce wace manhaja za su fara koya, kuma wace jarrabawa za su zauna, alhali kuwa waɗannan biyun su ne ɓangare mafi sauƙi a sana'ar. Wanda ya ba da himma zai iya sanin lungu da saƙon manhaja cikin 'yan watanni, domin kamfanonin da suka ƙera ta sun shimfiɗa darussanta kyauta a intanet. Abin da ke cin shekaru shi ne iya zama da mutanen da ke sayar da kaya ko amsa ƙorafin kwastoma, ka fahimci yadda suke aikinsu a zahiri, sannan ka mayar da wannan fahimta tsarin da za su yarda su buɗe kowace safiya ba tare da an tsaya a kansu ba. Wannan shi ne aikin mai ba da shawara kan tsarin aiki kamar yadda na san shi, kuma wanda ya shiga fannin da wata fahimta dabam zai sha wahala kafin ya samu kan gado.

Manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki, wadda aka fi sani da CRM, wuri ne da kamfani ke tara duk abin da ya sani game da mutanen da yake ciniki da su: su wane ne, wa ya yi magana da su, me aka yi musu alkawari, me suka saya, kuma wane ƙorafi suka kawo. A shekarun 1990 kamfanin Siebel Systems, wanda Tom Siebel ya kafa a 1993, shi ne ke jan ragamar kasuwar, kuma a wancan zamani sai kamfani ya sayi manyan kwamfutoci ya ajiye a harabarsa, ya ɗauko injiniyoyi su kwashe watanni suna girka manhajar. A 1999 Marc Benioff da abokan aikinsa suka kafa Salesforce a San Faransisko da ke Amurka, suka kawo tsarin biyan kuɗin haya a shiga manhajar ta intanet. Microsoft ya fitar da tasa manhajar a 2003, wadda daga baya ta shiga cikin Dynamics 365 a 2016, Oracle kuma ya sayi Siebel a 2006, shekarar da aka kafa HubSpot, wani kamfanin da ke da irin wannan manhaja. Wannan sauyi ne ya ɗaga darajar sana'armu, domin da zarar girka manhaja ya daina zama matsala, sai nauyin ya koma kan yadda za a saita ta ta dace da kamfanin da ya karɓa, kuma saitawa tana buƙatar wanda ya fahimci ciniki da mutane fiye da wanda ya fahimci wayoyi da injuna.

Mutane uku ne aka fi ruɗawa a wannan fage. Akwai mai gudanar da manhajar, wanda ke kula da ita kullum bayan an gama gini, yana ƙara sababbin ma'aikata, yana gyara rahotanni. Akwai mai rubuta manhaja, wanda ake kira idan abin da ake so ya fi ƙarfin saitawa, ya rubuta shi da harsunan rubuta manhaja, wato Apex a Salesforce ko C# da JavaScript a Dynamics 365. Mai ba da shawara kan tsarin aiki yana tsakanin kamfanin da waɗannan biyun. Shi ne ke tattaro buƙatu, ya zana yadda aikin zai gudana, ya saita abin da za a iya saitawa da hannunsa, ya rubuta wa mai rubuta manhaja bayanin sauran, ya jagoranci gwaji, sannan ya koyar da masu amfani.

Matakin tattaro buƙatu shi ne na fi ba muhimmanci, kuma a nan ne nake ganin bambanci tsakanin wanda ya ƙware da wanda ya haddace darasi kawai. A wani aiki da na yi, shugaban sashen sayarwa ya zana mana matakan cinikinsu a allo, tsaf-tsaf, daga kiran farko har zuwa sa hannu a yarjejeniya, kuma babu wanda ya musa masa a ɗakin taron. Bayan an tashi sai na nemi izinin zama kusa da ɗaya daga cikin ma'aikatansa yayin da take aikinta na yau da kullum. Abin da ke buɗe a gabanta takardar Excel ce da ta haɗa wa kanta, mai layuka masu launi daban-daban. Na tambaye ta ma'anar launin ɗorawa, sai ta ce waɗannan kwastomomi ne da suka riga suka amince da saye, amma ana jiran sashen kuɗi ya yarda a ba su kaya bashi, kuma jiran kan ɗauki lokaci har wasu su janye. Jan launi kuma na waɗanda bai kamata a kira ba sai mai yanke hukunci a kamfaninsu ya dawo daga tafiya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a zanen shugabanta, ba domin yana ɓoyewa ba, sai domin daga kujerarsa ba a hango su. Ta faɗa mini a fili cewa idan sabuwar manhajar ba za ta nuna mata masu jiran sashen kuɗi ba, za ta riƙa cika ta don kada a yi mata faɗa, amma da takardarta za ta ci gaba da aiki. Daga wannan zama ne aka ƙara matakin neman amincewa a tsarin, aka kuma jawo sashen kuɗi cikin aikin, alhali da farko ba a ma gayyace su taron ba.

Saboda haka nake ba duk mai farawa shawarar ya koyi tambayar da ke sa mutum ya nuna, maimakon tambayar da ke sa shi ya bayyana. Idan ka tambayi ma'aikaci yadda yake karɓar ƙorafi, zai faɗa maka yadda aka koya masa. Idan ka roƙe shi ya buɗe ƙorafin ƙarshe da ya shigo masa ya nuna maka abin da ya yi da shi, za ka ga saƙon da ya tura wa abokin aikinsa ta waya, da takardar da ya manna a gefen kwamfutarsa, da wurin da ya tsaya yana jiran wani. Ka kuma tambayi abin da ke faruwa idan al'amari ya saɓa wa yadda aka saba, kamar kwastoma ya soke oda bayan an tura kaya, ko mai kula da wani babban kwastoma ya bar aiki, domin irin waɗannan ne ke karya tsarin da aka gina a kan rana mai kyau kaɗai.

Bayan sauraro sai daidaita ma'anoni, aikin da ba a cika ambata a darussa ba duk da cewa shi ne ya fi cin rai. A manhajojin nan kowace damar ciniki tana bin matakai, kuma kowane mataki ana ɗora masa kaso cikin ɗari na yiwuwar cinikin ya faɗa, da shi ake lissafa hasashen kuɗin da kamfani ke sa ran samu. To, idan wani mai sayarwa yana sa ciniki a matakin tattauna farashi da zarar kwastoma ya amsa waya, wani kuma ba ya sa shi sai ya aika da farashi a rubuce, hasashen da shugabanni ke dubawa ba shi da wata ma'ana, komai kyawun jadawalin da ke nuna shi. Haka kuma sashen talla da sashen sayarwa sukan daɗe suna saɓani kan lokacin da mai nuna sha'awa ya cancanci a miƙa shi ga mai sayarwa, masu talla suna ganin sun kawo mutane an yi watsi da su, masu sayarwa suna ganin an jibge musu sunayen da ba za su sayi komai ba. Manhaja ba ta raba wannan gardama. Mai ba da shawara ne zai tara su a ɗaki guda, ya sa su amince da sharaɗin shiga kowane mataki da na fita daga cikinsa, a rubuta, kowa ya gani. Wannan yana buƙatar haƙuri da ladabi, domin sau da yawa kai ne mafi ƙanƙanta a ɗakin, kuma kana neman manya su sauka daga ra'ayin da suka daɗe a kai.

Ta fuskar ilimin manhajar kuwa, abin da ya kamata a fara riƙewa da kyau shi ne tsarin bayanai. Kusan dukkan manhajojin an gina su a kan 'yan ginshiƙai iri ɗaya: mai nuna sha'awa wanda ba a tantance ba tukuna, kamfanin da ake ciniki da shi, mutumin da ake tuntuɓa a cikinsa, damar ciniki, da ƙorafi. Idan aka tantance mai nuna sha'awa, manhajar takan juya shi ya zama kamfani da mutumin tuntuɓa, galibi tare da damar ciniki. Wanda ya fahimci yadda waɗannan ke ɗaure da juna, da bambancin dangantakar abu ɗaya da abubuwa da yawa da kuma ta abubuwa da yawa da abubuwa da yawa, zai iya komawa daga wata manhaja zuwa wata ba tare da ya faro daga tushe ba. Kuskure a wannan mataki yana da tsada ƙwarai, domin duk rahoto da duk wani aiki mai gudana da kansa a kansa ake ɗora su. Misali, kamfanin da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane maimakon kamfanoni yakan buƙaci abin da Salesforce ke kira Person Accounts, kuma da zarar an kunna shi ba a kashe shi, saboda haka hukunci ne da ake yankewa bayan nazari da gwaji.

Daga nan ake jera buƙatun kamfani a gefe guda, abin da manhajar ta zo da shi a ɗaya gefen, a ware waɗanda suka dace da waɗanda akwai giɓi. Kowane giɓi yana da hanyoyi uku: a saita manhajar, a rubuta sabon abu, ko kamfani ya sauya yadda yake aiki. A nan ne mai ba da shawara ke nuna amfaninsa, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Wanda ke cewa to ga duk abin da aka roƙa yana cutar da wanda ya ɗauke shi aiki, ko da kuwa an rabu ana murna. Salesforce yana sabunta manhajarsa sau uku a shekara, Microsoft ma yana fitar da manyan sauye-sauye a kai a kai, kuma duk wani abu na musamman da aka rubuta sai an riƙa duba ko sabuntawar ba ta karya shi ba. Kayan aikin ma kansu suna tsufa, kamar yadda Salesforce ya sanar da jingine Workflow Rules da Process Builder, kayan da ake tsara ayyuka masu gudana da kansu da su, ya mayar da hankali kan wani mai suna Flow, abin da ya tilasta wa kamfanoni da dama sake gina abin da suka daɗe suna dogaro da shi. Don haka idan shugaba ya nemi a gina wani abu, wajibi ne ka tambayi wane hukunci zai yanke da shi, wa zai riƙa cika bayanin, kuma wa zai kula da shi bayan ka tafi.

Gurabun da ake tilasta cikawa misali ne ƙarami da ke nuna wannan. Shugabanni suna son bayanai, saboda haka sukan nemi a tilasta cika gurabe masu yawa kafin a iya adana fom. Mai sayarwa da ke sauri tsakanin ganawa biyu, wanda bai san yawan ma'aikatan kamfanin kwastoma ba, zai sa ɗigo ko sifili ya wuce, kuma bayan wani lokaci rumbun bayanan ya cika da amsoshin ƙarya waɗanda suka fi gurbi maras komai illa, domin gurbin da aka bari ko banza yana nuna cewa ba a sani ba. Hanyar da ta fi ita ce a nemi kowane bayani a matakin da ma'aikaci zai iya saninsa, a kuma bar manhajar ta cika da kanta duk abin da za ta iya.

Batun wa zai ga me shi ma yana hannun mai ba da shawara, kuma bai kamata a bar shi sai ƙarshe ba. A Salesforce ana farawa ne daga taƙaita gani, sannan a buɗe ta hanyar jerin muƙamai da ƙa'idojin rabawa, a Dynamics 365 kuma ana amfani da sassan kasuwanci da rukunoni da matsayin tsaro. Bayan sirrin ciniki akwai haƙƙin mutanen da bayanansu ke ciki. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum damar neman a nuna masa bayanansa ko a goge su, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa. Ƙasashe da dama sun kafa nasu dokokin. Mai ba da shawara ba lauya ba ne, amma dole ya san inda tsarin ke adana amincewar mutum da a aika masa talla, da yadda za a goge shi idan ya nema.

Kwaso tsofaffin bayanai zuwa sabuwar manhaja aiki ne da kusan kowa ke rainawa har sai an shiga cikinsa. Za ka tarar da kamfani ɗaya an rubuta sunansa ta hanyoyi daban-daban, wani da cikakken suna, wani a taƙaice, wani da kuskuren harafi, kowanne da nasa tarihin ciniki da nasa ma'aikacin da ke cewa kwastomansa ne. Za ka tarar da lambobin waya a gurbin imel, da kwanan wata da wani ya fara da rana wani ya fara da wata, da mutanen da suka daɗe da barin wurin aikin da aka rubuta musu. Zuba wannan a sabon tsari ba tare da tacewa ba kitso ne da kwarkwata, domin ranar farko da ma'aikaci ya nemi kwastomansa ya ga suna uku, amanar da yake da ita ga manhajar ta tafi, kuma dawo da ita ya fi gina ta wuya. Tacewar kuma hukunci ne na kamfani, domin su ne suka san wane suna ne na gaskiya, naka shi ne ka tsara ƙa'idar haɗewa, ka gwada kwasowar a wurin gwaji kafin ranar ainihi, ka ƙidaya abin da ya fita da abin da ya shiga.

Duk wannan yana tafiya ne a kan rubutu, saboda haka wanda ba ya son rubutu ya sake tunani. Buƙata takan zo a gajeren tsari da ke faɗin wane ne ke so, me yake so, kuma don me, kamar a ce mai amsa ƙorafi yana so ya ga odar kwastoma ta ƙarshe a shafin ƙorafin domin kada ya sake tambayarsa, sannan a biyo da sharuɗɗan da za a duba a ce an gama. Waɗannan sharuɗɗa su ne masu amfani za su gwada da hannunsu kafin a buɗe tsarin, kuma su ne ke raba gardama idan aka zo ana cewa ba haka aka yi alkawari ba.

Ga mai neman shiga, shawarata ita ce ya zaɓi manhaja ɗaya ya nutse a cikinta, ya duba wadda kamfanonin da yake hari suka fi amfani da ita. Salesforce yana da shafin darussa mai suna Trailhead tun 2014, yana kuma ba da wurin gwaji kyauta ga masu koyo, Microsoft yana da Microsoft Learn, HubSpot ma yana da makarantarsa ta intanet. Kada ya tsaya ga bin darasi. Ya ƙirƙiro wani kamfani a ransa, ko ya taimaki wata ƙungiya mai zaman kanta da ke buƙata, ya rubuta buƙatunta, ya zana tsarin bayanai, ya gina, ya shigar da bayanai marasa tsabta da gangan ya tace su, ya fitar da rahoto. Game da takardun shaida, a Salesforce ana fara samun ta mai gudanarwa, wadda sharaɗi ce kafin ta mai ba da shawara kan Sales Cloud, ɓangaren sayarwa, ko Service Cloud, ɓangaren amsa ƙorafi. A Microsoft an san jarrabawa irin su PL-200 da MB-230, sai dai sunaye da lambobin suna sauyawa, don haka a duba jerin da ke aiki kafin a fara shiri, kuma takardun Microsoft ana sabunta su duk shekara da gajeren gwaji ta intanet. Wanda ke son ƙarfafa ɓangaren nazarin kasuwanci zai amfana da littafin jagora na BABOK da IIBA, cibiyar masu nazarin kasuwanci, ke fitarwa. Ƙwarewa a Excel wajibi ce, sanin kaɗan daga SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbu, kuma yana sauƙaƙa aikin bayanai sosai.

Takardar shaida tana sa a kira mutum ganawa, amma da wuya a damƙa wa sabon shiga jagorancin aiki daga ranar farko. Yawanci ana shigowa ta matsayin mai gudanar da manhaja, ko mai taimaka wa masu amfani, ko ƙaramin mai nazari a kamfanin da ke girka wa wasu, a bi wani gogagge ana ɗaukar bayanin taro ana rubuta gwaje-gwaje. Ina so in ƙarfafa wa waɗanda suka fito daga sayarwa ko amsa ƙorafi ko talla gwiwa, domin sau da yawa suna ganin rashin karatun kwamfuta ya rage musu daraja. Wanda ya taɓa zama da kwastoma mai fushi a waya yana neman bayaninsa a shafuka huɗu ya san abin da ba a koyarwa a darasi, kuma zai gina shafin ƙorafi dabam da wanda bai taɓa ɗanɗana ba. Shigowar mataimaka masu basirar na'ura, irin su Copilot na Microsoft da Agentforce da Salesforce ya gabatar a 2024, ta ƙara wa wannan sani nauyi, domin abin da ke cikin rumbun suke karantawa su ba da amsa, kuma idan matakan ciniki ba su da ma'ana guda ko sunayen kwastomomi sun maimaitu, amsar da za su bayar za ta ɗauko wannan ruɗani.

Akwai wani ɓangare da ake yawan yanke masa kasafi, wato makonnin da ke biyo bayan buɗe tsarin. A lokacin ne ya kamata mai ba da shawara ya koma kusa da masu amfani, ya duba su wa ke shiga da su wa suka daina, waɗanne gurabe ake tsallakewa, waɗanne rahotanni ba a taɓa buɗewa ba, kuma ko tsofaffin takardun Excel sun sake bayyana a kwamfutoci. Idan sun bayyana, a tambayi mai takardar cikin mutunci abin da take ba shi wanda manhajar ba ta ba shi, a rubuta amsar a jerin gyare-gyaren zagaye na gaba, tare da gurabun da za a cire saboda an tabbatar babu mai amfani da su.